Barde Mai Hannu Ɗaya

Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kama ni da sata a unguwar Aziziyya ba, ina ɗan shekara ashirin da bakwai, da gemuna da komai.

Mu a unguwarmu Kurayyat wasan yaƙinmu ƙarami ne. Sojojin dalma muke saya a kasuwar Bab Makka, kowa goma. Bayan la'asar a jera su kan tebur, a jefa zahar, wato ƙwayar nan mai ɗigo-ɗigo irin ta wasan lido, wanda aka kashe a kwantar da shi, in an tashi kowa ya kwashe nasa. Nawa duk suna da suna (e, na sani, ku yi dariyarku). Babbansu Barde, mai hannu ɗaya. Yayana Usman ne ya yi masa koren rawani da fenti, wata biyu kafin ya rasu.

Sai Hamza, abokin aikina, ɗan masu hali, ya gayyace ni babban yaƙi a gidansu da ke Aziziyya. Tebur uku aka haɗa, sojoji ba sa ƙirguwa. Dokarsu kuwa, wanda aka kashe a jefa shi kwando, kwandon kuma na wanda ya ci ne. Da kunnena na ji, amma son a ce ni ma na shiga sahun manya ya sa na zuba nawa.

Jifa ɗaya Hamza ya share gefena. Ya tattare su kamar ɓawon gyaɗa, har da Barde, ko kallonsa bai yi ba.

Da aka kawo shayi, na sunkuya kamar wani abu ya faɗo min, na lalubi kwandon, na ji mai hannu ɗaya, na cusa a aljihu.

"Ya akhi, me ka sa a aljihu?" in ji Hamza, a gaban mutum takwas.

"Nawa ne, wallahi! Yayana ne ya..." Na ciro shi.

Jar riga, babu rawani. Ashe masu karyayyen hannu sun yi yawa a kwandon.

"Wannan ai nawa ne," in ji shi. "Halas, shi ke nan, riƙe shi, tunda abin har da hawaye."

Suka kwashe da dariya. Na fice na bar Barde a kwando, kunya kuma ta hana ni komawa in roƙa. Har yau abin na ci min rai.

Sojan Hamza na nan a akwatina, ban sa masa suna ba. Na dai koya, a makare: abin da ka san sunansa, kada ka kai shi inda ake awo da kwando.