Zaren Littafin Kaka

"Lafiya lau, sai kewar mijin da ba ya zuwa sai da buƙata," in ji Kaka, ko ɗago kai ba ta yi ta dubi jikan nata ba. Shekara talatin ta yi tana koyar da ilimin tsirrai a jami'a. Yanzu shi ke koyarwa a ajin da ta bari.

"Haba amarya! Haƙori biyu suka rage miki, hira da ke sai da tafinta."

"Ka ji marar kunya. Da hannun nan na share maka majina. Faɗi abin da ya kawo ka, ruwa ba ya tsami banza."

"Littafinki na zo ɗauka. Jami'a ta buɗe ofishin taimaka wa malamai su fitar da littafi kyauta a intanet. Su gyara, su ɗora, ɗalibi ya karanta a wayarsa."

"Ai na sani, in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Ko sabulu ba ka taɓa saya min ba, sai kyauta da kayan mutane."

"To wa ke karanta shi yanzu? Kyankyasai? Har sun kusa zama farfesoshi."

Ta jawo akwatin ƙarƙashin gado tana mita. Littafin bai taɓa ganin maɗaba'a ba. Ita ta rubuta, marigayi mijinta ya zana kowane ganye da fensir, sannan ya ɗinke shi da baƙin zare a kan teburin nan, yana tsokanarta wai rubutunta kamar tafiyar kaza. Kullum ta buɗe shi sai kewarsa ta taso mata sabuwa fil.

"Sai dai fa injinsu na ɗaukar hoto takarda ɗai-ɗai yake ɗauka," jikan ya ce a hankali. "Dole a warware ɗinkin."

Ta rungume littafin. "Tashi ka ba ni wuri. Na sake ka."

"Mace ke saki yanzu?"

"Irinka ai ko akuya ta sake shi."

"Ɗalibi ɗari uku gare ni, Kaka. Rabinsu ba su da littafi, ba wanda ya taɓa ganin zanen tsohon nan."

Ta shafa zaren da yatsa. Mutumin da ya wuni yana zana jijiyar ganye ɗaya, ai ba don akwati ya yi ba. Jikan ya miƙo reza, ta make hannunsa. Allura ta ɗauko, ta bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya har zaren ya fita bai tsinke ba.

"Ungo. Sunansa a bango, sama da nawa."

"Ni mijin yanzu fa, ina rabona?"

Ta yi dariya, idonta ya cika da ƙwalla, tana naɗe zaren a yatsarta.

"Kai dako ne rabonka, ɗauki takarda ka tafi. Wannan na mijin gaske ne, yana wurina."