Ranar da Na Wanke Tulun Salim

Ko shekara nawa zan ƙara a duniya, ba zan manta da safiyar da na zauna na yi wanke-wanke a Guangzhou ta ƙasar Sin ba.

Shekarata tara ina dillancin wandon jins. In baƙo ya sauka, in kai shi kasuwar Xintang, mu zaɓi kaya, in tsaya har a loda. Kowa ya san ni da haƙuri, don ina iya yini ina duba ɗinki ɗaya bayan ɗaya. To wannan haƙurin ne ya kai ni ya baro.

Wani Alhaji Mamman, ɗan kasuwa daga Maraɗi, shi ya sauka a garin, ya kira ni ya ce ya gaji da tufafi. Yana son kayan ado na ƙarfe irin na Indiya, masu zanen azurfa, ya zuba a sabon kantinsa na Yamai. Ya ce in na samo masa na gaske, daga yau duk sayayyarsa ta hannuna za ta bi. Mutumin da ke cika kwantena biyu a tafiya ɗaya! Na ce masa ya ɗauka an gama (alhali ban taɓa ganin abin ba ko a hoto).

Na yi ta yawo, kowane kanti sai a ce min “meyo”, wato babu. A kwana na huɗu aka haɗa ni da wani Ba'indiye Musulmi, Salim, wanda danginsa ke wannan sana'a a garinsu. Ya buɗe akwati ya fito da wani ɗan tulu mai dogon wuya, baƙi ƙirin, an bi jikinsa da furannin azurfa sirara kamar zanen lalle. Ya ce kawunsa ne ya yi shi da hannu, kuma shi kaɗai ne samfurin da yake da shi. Na roƙe shi ya ba ni aro in nuna wa Alhaji. Ya miƙo min da hannu biyu, muka yi alkawarin haɗuwa mu uku da Alhaji gobe da azahar a gidan abincin ’yan Gana.

Washegari bayan na karya kumallo na zauna ina kallon tulun. Zanen dai ya yi kyau, amma baƙin nan ya tsaya min a rai. Sai ka ce gindin tukunyar da ta shekara a kan murhu. Na ce a raina, Allah sarki, Indiyawa akwai fasaha amma ba tsafta. Yaya zan kai wa babban mutum abu da hayaƙi a jikinsa? Mu da muka taso muna ganin iyayenmu mata suna dirje tasa da tsamiya da toka har sai ka ga fuskarka a ciki?

Na sauka na sayo lemon tsami da soson ƙarfe. Na naɗe hannun riga.

Jama'a, baƙin nan ya yi gardama. Wani da ya dirza minti biyar ya ga bai fita ba, da ya haƙura, Allah ya rufa masa asiri. Ni kuwa sai da na yi awa uku. Har da tsohon burushin haƙori na bi lungu-lungu. Da na gama, tulun ya koma fari-fari kamar cokalin dalma. Na lura furannin sun daina fitowa sosai, amma na ce ƙila sai ya bushe. (Har waƙa nake yi, wallahi.)

Da azahar na tarar da Alhaji da Salim sun riga ni, ga kuma Baba Isa, mutumin Kumasi mai yi mana lodin kaya, yana cin shinkafa da wake. Na ajiye ƙunshin a tebur, na yaye tawul kamar mai buɗe sabuwar mota.

“Ranka ya daɗe, ga shi. Har na ɗan gyara maka shi.”

Alhaji ya ɗauka ya juya. “Malam, mi ne ne wanga? Butar alwala ka kawo min?”

Salim ya miƙo hannu. Ya karɓa, ya shafa, ya kai hanci ya shinshina. Cikin ’yar murya ya ce, “Lemon tsami?”

Na ce, “Guda shida.” Da alfahari na faɗa.

Sai ya dafe kai. Ya yi mana bayani a hankali, kamar mai ta'aziyya. Ashe baƙin nan shi ne sana'ar. Bayan an gama dasa azurfa, wata ƙasa ta musamman ake kwaɓawa a shafe ƙarfen da ita, ya yi baƙi, azurfar ta fito fes. Man kwakwa kawai ake goga masa. Abin da kawunsa ya yi makonni yana yi, ni na kankare shi tsakanin kumallo da azahar.

Baba Isa ya ƙware da dariya har sai da aka ba shi ruwa. “Kai, ɗan'uwa! Gobe in ka ga zabuwa ma sai ka wanke mata zanen!”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na riga na sallama Alhaji da kwantenoninsa. Sai na ga ya jawo wayar Salim yana kallon hotunan sauran kayan, yana tambaya, Salim yana amsawa ba tare da ya ko kalli inda nake ba. Can Alhaji ya ce zai saya, kuma ta hannuna.

“Mutumin da ya iya zama awa uku a kan ɓarna, in aka nuna mishi daidai, ai ba a samun kamarsa.”

Salim ya ce ya yarda, zai mayar da tulun gida a sake masa baƙi. Amma da sharaɗi ɗaya: ba za a sake barina ni kaɗai da kaya a ɗaki ba. Haka kuwa aka yi. Ranar da kayan suka iso za a haɗa su da lodin Alhaji a tashar jirgin ruwa ta Nansha, daga nesa aka ce in tsaya in riƙa ƙirga kwali, hannuwana a baya.

Tun daga ranar, duk abin da na ga ya yi min kama da datti a ƙasar mutane, sai na tambaya tukuna ko ado ne.