Rasuwar Kundin Dodanni a Shagon Laminetin

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ɗan guntun haƙurin da shekaru suka rage masa, tsohon malamin adabi na ɗakin ƙarshe a saman bene, wanda maƙwabta ke kira Mai Tabarau, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Kundin Dodanni. Marigayin ya cika a shagon laminetin na bakin titi, inda ake manne takardu cikin roba, a hannun masu ƙaunarsa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tarin tsofaffin mujallun labarin zane ne, na dodanni da fatalwa da masu tafiya duniyar wata. Matar mai makoki, Allah ya jiƙanta, ita ta saye su ɗaya bayan ɗaya tun tana budurwa. Tela ce. Da suka fara rabewa sai ta haɗa su ta ɗinke da baƙin zare, ɗinkin hannu ƙanana a jere kamar haƙoran ɓera, ta yi musu bango da ragowar ƙyallen wando. Ranar aka haifi marigayi, da kaurinsa kamar bulo.

Mai makoki ba zai yi wa gawa ƙarya ba. Marigayi shirme ne tun daga bango har bango. A cikinsa ne dodon tafki mai ido ɗaya ya ƙi cin kowa sai kyawawan mata. A cikinsa ne jarumai suka kifa tukunyar gilashi a ka suka tafi wata, suka tarar mutanen can koraye ne, kuma abin mamaki suna jin yarensu sarai. Akwai ma mutum-mutumin ƙarfe da ya yi soyayya, aka yaudare shi, ya yi kuka da baƙin mai. Marigayi ya sha alwashin cewa a wannan zamanin namu motoci za su tashi sama, abinci kuma ya koma ƙwaya guda a tafin hannu. Zamanin ya zo. Mai makoki da ƙafa yake hawa bene, yana hutawa a kowace kwana, ƙwayar da yake haɗiya kuwa ta hawan jini ce.

Duk wannan ya faɗa wa mai ɗakinsa, a gaban idonta, tsawon zamansu. Ita kuwa tana kan keken ɗinki, kundin a buɗe a cinyarta, ko ɗago kai ba ta yi.

“Malam,” in ji ta, “a naka littattafan sai an yi shafi ɗari uku ana shirin mutuwar mutum guda. A nawa shafi biyu an gama, har an tashe shi ya ci gaba da harkarsa.”

Bayan rasuwarta mai makoki ya buɗe kundin don ya tabbatar da cewa shirme ne. Ya tabbatar. Washegari da la'asar ya sake tabbatarwa, haka kuma kowace la'asar tun daga nan. A wurin binciken ne ya gano cewa duk shafin da ya ba ta tsoro akwai shaidar yatsanta na man keke a gefensa. Duk mugun da ya ba ta haushi kuwa ta tsokale masa ido da allura, in an ɗaga shafin ga taga sai haske ya ɓullo ta idanun. Marigayi bai iya surutu ba. Shaf, in an juya shafi. Shaf. Sauran maganarsa a rubuce take da manyan baƙaƙe: ƁAM! FIIIU! WAYYO!

Jinyar ƙarshe ta faro ne daga ziyarar ɗan mai makoki, akawu, yaro mai biyayya wanda bai taɓa ganin takarda mai daraja ya bar ta ta sha iska ba. Takardar haihuwarsa tana cikin roba. Ta aurensa tana cikin roba. Ya ga mahaifinsa na lallaɓa kundin, ya ga gefen shafuka na marmashewa, tausayi ya kama shi. Ranar da aka kai mahaifin nasa asibiti a duba idonsa, sai ya sungumi marigayi ya yi shagon da shi.

Masu shagon sun yi iya ƙoƙarinsu. Da yake bulo ba ya shiga inji, sai suka sa wuƙar yankan takarda suka datse bayan, da ɗinkin da komai, sara guda. Suka bi shafukan ɗaya-ɗaya suna turawa cikin zafi. Man keken ya narke ya baje, idanun mugaye suka toshe. Suka huda gefe suka zura wa gawar zoben roba, ba tare da sun duba wane shafi ke bin wane ba. Yanzu dodon tafki yakan mutu kafin ya fito daga ruwa, jarumai kuma su dawo daga wata kafin su tafi. A nan kaɗai aka samu ci gaba a labarin.

Aka dawo da shi a leda mai kyau.

“Baba, buɗe ka gani,” in ji ɗan, bakinsa har kunne. “Yanzu sai jikokin jikokinka.”

“Ko shayi ka zuba masa, Baba, goge kawai za ka yi,” in ji surukar.

Mai makoki ya buɗe. Ƙwas, in ji marigayi. Ƙwas. Ya kai hanci, sai warin sabon bokiti. Ya dubi ɗansa, wanda ya gaji goshin uwarsa da hankalin wani daban, ya ce Allah ya yi albarka. Yaron ya tafi yana murna, har yau kuma murnarsa yake yi.

Marigayi ya bar keken ɗinki da ba mai takawa, da kantar manyan littattafai waɗanda duk cikinsu babu wanda ya taɓa sa mace dariya har ta soke yatsa. Ya bar iyalan kyankyasai da suka rasa abinci, da tsoho guda wanda ba shi da aikin yi da la'asar.

Game da jana'iza, an shiga matsala. Gawar ba ta ruɓewa, ƙasa ba za ta karɓe ta ba, wuta kuma maƙwabta sun ce hayaƙin zai kashe su. Don haka za a kai ta falon ɗan, a ajiye a durowar gilashi tare da sauran takardun da ya kashe. Masu ta'aziyya za su iya zuwa su ga fuskarsu a jikinta.

Mai makoki dai ya je shagon da sandarsa ya tambayi bayan da aka datse.

“Wane baya, Malam?” in ji mai shagon. “Au, wannan tsumman? Duba kwando, in ba a kwashe ba.”

An kwashe. Amma a ƙasan kwandon, ƙarƙashin ɓawon ayaba, ya sami guntu tsawon ɗan yatsa, zaren na nan a jikinsa, ɗinkin bai saki ba. Wannan shi za a yi wa sutura, cikin sirri, ba a gayyaci kowa ba. Ana roƙon ɗan mai makoki, don girman Allah, kada ya tambayi inda aka ajiye shi. An ji yana cewa ya saba da mai shagon, yanzu har rangwame ake yi masa.