Ranar da Na Yi Bandar Kalanguna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗora kalanguna a kan murhun banda, ya gasu tare da tarwaɗa. Da hannuna na ɗora shi. Ba wanda ya sa ni.

Ni makaɗi ne, ɗan makaɗi. Ban shiga aji ba. Abin da ubana ya bar mini kalangu ne da gida ɗaya da muke yi wa kiɗa, gidan Alhaji Garba mai jiragen ruwa a Wara. Ubana ya yi wa ubansa kiɗa, ni na yi masa. Jirgi ya taɓa kifewa da ni a tsakiyar tafki, na bar wa ruwa hula da takalmi, na fito da kalangun nan a ka. Tun daga nan nake ganin duk duniya ba makaɗi sai ni.

Alhaji ya tashi yi wa ɗansa aure a tungarsu ta gado, wani ƙauyen masunta can tsallaken ruwa. Al'adar gidan kuwa, idan jirgin amarya ya taɓa gaɓa, ba ta sa ƙafa a ƙasa sai an buga taken gidan. Ya kira ni ya ce, "Masuntana na ko'ina za su zo da makaɗansu. Amma take naka na. Kak ka ba ni kunya."

Na ce, "Alhaji, ni?"

Damina ce. Muna tsallakawa iska ta taso, igiyar ruwa ta yi ta watso mana. Kafin mu sauka fatar kalangu ta sha laima ta saki. Na gwada shi, sai ka ce ana dukan jiƙaƙƙen buhu. Rana kuma ta shige hadari. Maganin wannan kowane makaɗi ya san shi: ka riƙe shi nesa da wuta, kana juyawa, kana shafa fatar da tafin hannu har ta ɗaure. Ubana yakan ce tsakanin kalangu da wuta gaisuwa ce, ba zama ba.

To, ina cikin gaisuwar a bakin murhun wata mai banda, Inna Hajo, sai na jiyo kaɗe-kaɗe daga fili. Raina ya ce in je in ga masu ɓata sana'a. Na ɗora kalangu a gefen ragar da take gasa kifi a kai.

"Malam, wurin ga da zahi hwa," in ji ta.

Na ce, "Inna, ji da kihinki."

Na shiga fili ina taku ɗaiɗai. Ga Zabarmawa da gogensu, na ce wa na kusa da ni an taka wutsiyar kyanwa. Ga mutanen kan tudu da ƙahonni da kacau-kacau a ƙafa, na ce a tambaye su ko shanu suka ɓata. Ga wani Bayarabe da ganga mai kama da tawa, an rataya mata ƙararrawa, na ce masa an yi wa ganga kwalliya kamar ita za a kai ɗaki. (Ko makaɗan Indiya da nake gani a fim wurin mai shayi ban taɓa ƙyalewa ba. Mutum ya zauna yana ƙwanƙwasa ganga da yatsu kamar mai zaɓen kankana.)

A ƙarshen fili matan masunta 'yan Mali ne. Sun cika babban baho da ruwa, sun kifa ƙwarya a kai, wata tsohuwa tana bugawa da ludayi biyu. Na tsaya a kanta.

"Inna, in kin ƙare wanke-wanke ki ba maza wuri."

Aka yi dariya. Ba ta daina bugu ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da Hausarta ta baƙi, "Naka ina?"

Na ce, "Nawa yana hutawa."

Ban rufe baki ba aka ɗauki guɗa. Jirgin amarya ya ɓullo. Na ruga wurin murhu. Inna Hajo ta ƙara itace, hayaƙi ya turnuƙe, kalanguna na kwance a tsakiyar raga, kifi dama da hagu.

"Kwantar da hankalinka," in ji ta. "Na juya maka shi, kowane gehe ya samu."

Na ɗauka, ya ƙona mini hannu. Tsarkiyar da ke ɗaure fatar ta bushe ƙayau. Na taɓa fatar da yatsa, ta yi wata ƙara siririya da ban taɓa ji ba. Mai hankali da ya tsorata. Ni cewa na yi yau za a ji kiɗa.

Na isa bakin ruwa, na ɗaga hannu. "Kowa shi yi shiru!" Goge ya tsaya, ƙaho ya tsaya, ƙwarya ta tsaya. Amarya na tsaye a jirgi cikin lulluɓi, mata na riƙe da ita. Na matse kalangu a hammata, na ɗaga gular kiɗa, na sauke.

Fat! Gula ta shige ciki har wuya.

Na juya ɗaya fuskar da sauri. Ita ko bugu ba ta jira ba, matsa kawai na yi ta tsage. Ƙamshin kifi ya tashi daga hammatata. Can wani daga baya ya ce, "Alhaji, ya nuna! A kawo yaji!"

Yayyafi ya fara. Alhaji ya matso, bai ɗaga murya ba. "Bisa mi za ka buga, ban sani ba. Amma ɗiyar mutane ba ta tsayawa cikin ruwa don kai."

Na je wurin Bayaraben nan na miƙa hannu. Ya rungume gangarsa ya ce, "Amarya ce, ba a ba da aronta."

Sai ga tsohuwar nan da matanta sun jawo baho har bakin gaɓa. Ta miƙo mini ludayi biyu. Na durƙusa cikin taɓo da babbar riga. Ƙwarya ba ta magana kamar kalangu, dole na riƙa faɗin taken da baki. Ina bugu tana gudu a kan ruwa, ina bin ta, ruwa na fantsamo mini a gemu. Tsohuwar ta sa yatsa ɗaya ta tsayar da ita.

"Sannu, ɗana. Ruwa ba a duka da hushi."

Na sassauta hannu. Sai ƙwaryar ta yi wani amo mai zurfi da na ji har cikin ƙirjina. (Ban faɗa wa kowa ba, yau ne farko.) Aka gane taken, aka yi guɗa. Amarya ta sauko, kafaɗunta na rawa a cikin lulluɓi. Ba kuka take ba.

Alhaji bai zage ni ba. Da aka yi suna a gidan bayan shekara, wani makaɗi aka kira. Gidan da ubana ya bar mini ya tafi ke nan. Na dai koyi abu ɗaya: wanda ya bar nasa a kan wuta ba ya zagaya ɗanɗana miyar mutane.

Yanzu ina Yauri, ina yi wa mahauta kiɗa ranar kasuwa. Sunana na yanka ya ɓata, Mai Banda ake ce mini. Na sake wa kalangun fata, amma itacen bai daina ƙamshin tarwaɗa ba. Duk inda na zauna kiɗa, kyanwoyi ke fara zuwa.