Rasuwar Mai Koren Ido, Na'urar Awon Wutar Gidan Nishiwaki

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ba ta zaci za ta gani da tsufanta ba, Malama Nishiwaki Tomiko, tsohuwar malamar kimiyya a garin Takaoka, tana sanar da rasuwar na'urarta ta duba wutar lantarki, wadda ɗalibai suka raɗa wa suna Mai Koren Ido saboda koren allonta.

Marigayiyar ba ta taɓa ƙarya ba. Idan aka kunna ta, sai ta yi "zzzz" a hankali, ta zana layi biyu masu lanƙwasa: ɗaya na hawa, ɗaya na sauka a daidai lokacin. Da haka ta nuna wa yara cewa kowace ɗaya daga cikin wayoyi biyu masu wuta da ke shiga gida volt ɗari ce idan aka auna ta da wayar tsakiya, tsakanin su biyun kuwa ɗari biyu. Masu cewa wuta iri biyu ce ke shiga gida, ta nuna musu guda ce aka raba tsaka.

A hunturun nan ta gano abin da ke hana Malama barci. Da an kunna tukunyar shinkafa, sai fitilar kicin ta dusashe, ta ɗaki ta yi haske kamar za ta fashe. Layi ɗaya ya kumbura, ɗayan ya rame: wayar tsakiya ce ke saki, gidan kuwa na katako ne, gobara na iya tashi. Iyali suka ce idon Kaka ne ya gaji.

Ajali ya zo ta hannun surukin Malama, Masaru, wanda ya ce bari ya gwada da kansa don hankalinta ya kwanta. Ya maƙala bakin wayar na'urar da ake haɗawa da ƙasa a kan waya mai wuta, wai ai duk waya waya ce. Kalmar marigayiyar ta ƙarshe ita ce "tas". An yafe masa, bisa tilas.

Ta bar wayoyin gwaji biyu, ɗaya a ƙone, da wata tsohuwa da ba ta da sauran mai shaida.

Za a yi mata addu'ar sallama ranar Lahadi da hantsi a haikalin unguwa, inda ake karrama kayan aikin da suka gama hidima. Zaman makoki a gida ne, da shayi mai sanyi, domin Malama ta kashe babban makunnin wutar gidan. Kada a kawo fure. Mai ma'aunin wuta ya zo da shi.