Fitilar da Na Ɗora a Motar Surukina

Ranar da na sayo fitilar caji a Tudun Wada, ji nake kamar na buɗe gareji. Mai shago ya nuna min mai tsada, na yi masa dariya, na ɗauki mai arha saboda tana da ɗan faifan sola a bayanta. Mutumin Sakkwato ne zai rasa rana? Ai mu ne dillalanta.

Dama surukina yana ƙorafin wata ƙara a ƙarƙashin motarsa. Na ce, "Baba, a bar min ita, ga fitilar leƙa ƙarƙashin mota na sayo, ba sai an kai wa makanike ba." Ni da iyakar sanina da mota shi ne zuba ruwa a lagireto.

Na ɗora fitilar a kan dashbod ta sha caji, na ɗaga gilasai kada a sace min dukiya, muka tafi masallacin Juma'a.

Da muka dawo, fitila ta narke ta manne kamar cingam. Na sa sukuddireba na ɓamɓare ta, ta taho da fatar dashbod faɗin tafin hannu. Baba ya kalli wurin, ya ce, "To, Allah shi yi albarka. Ita ƙarar tana nan ko?"

Tana nan kuwa.

Har yau ya ƙi a gyara wurin. Duk wanda ya rage wa hanya sai ya nuna masa: "Aikin injiniyanmu na. Da rana shika aiki." Matata kuwa, in wayarta ta mutu, sai ta tambaye ni ko a aro motar Baba.