Shirun da ke cikin waƙar Innata

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na koya wa tsohuwa waƙa a Kusada ba.

Innata 'yar garin Bauranya ce, ni kaɗai ta haifa. Tana da wata waƙa da take yi idan tana dakan fura da hantsi: "Daka nake ba don kowa ba, daka nake sai don..." A nan sai ta yi shiru, ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ta ci gaba. Haka na taso ina ji, haka na haddace, har da shirun. Tun da ta rasu ban sake jin waƙar a bakin kowa ba. A Kankiya inda nake koyarwa inji ake kai wa gero, inji kuwa ba ya waƙa. Wani lokaci ina wanke-wanke sai in ji ina rera ta don kewa.

Bara aka gayyace mu bikin ƙanwar wata malamarmu a Kusada. Na ci leshi, na kafa ɗauri kamar zan je karɓar lambar yabo. Ina shiga tsakar gida sai na ji ta. Wata tsohuwa ce, Baba Tine, tana dakan furar baƙi tana rera waƙar Innata. Na tsaya ina saurare. Amma da ta iso wurin shirun sai na ji ta ce, "sai don Lawwali," ta wuce abinta.

Ni da hannuna ya saba da alli, ba na iya ganin kuskure in ƙyale. Na ratsa mata na ce, "Baba, ba haka ake yi ba. Waƙar mahaifiyata ce, a nan shiru ake yi."

Ta dube ni daga ɗauri har takalmi, ta miƙo mini taɓarya. "To Malama, bisimilla, gwada mamu."

(Rabona da turmi ya fi shekara goma sha biyar, amma wa ya tsaya lissafi?)

Na soma daka ina waƙa, mata suka kewaye ni. Da na iso wurin, na yi shiru, na cilla taɓarya, na tafa. Tafin ya yi kyau, wannan kam ba a musu. Taɓaryar ce dai ba ta dawo hannuna ba. Ta sauka cikin ƙwaryar nono, nonon ya tashi ya wanke gwaggon ango tun daga mayafi har cinya. Ɗaurina ya faɗa turmi. Wata ta rangaɗa guɗa don mugunta. Na so ƙasa ta tsage.

Baba Tine ta yi dariya har da hawaye, sannan ta kama hannuna ta ja ni gefe.

"Ke ɗiyar wa ce?"

Na faɗi sunan Inna da garinsu. Dariyar ta tsaya.

"Allah shi jiƙan ta, tare munka yi 'yan matanci. Yarinya, waƙag ga ta kowa ce. Wurin nan sunan ɗa ko jika aka sawa. Lawwali jikana ne. Ke kuwa ɗiyar fari ce, ina ita ina kama sunanki? Kunya ba ta bari. Shi ya sa taka shiru ta tafa."

Gaskiya ne, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini, ko "yarinyar nan", kuma na daɗe ina jin zafin haka a raina ban gaya wa kowa ba. Ashe kullum da hantsi tana kirana, ni ina zaune gindin turmi ina lasar gari.

Na ba gwaggon ango haƙuri, na koma Kankiya ina ƙarnin nono. Na daina gyara wa tsofaffi waƙa, taɓarya kuma mun yi sallama. Waƙar dai ina yin ta har yau, kuma in na zo wurin ba na sa sunan kowa. Shiru nake yi, da sunana a ciki.